Muryar Anti Nas: In ana ba kowa kuɗi duk wata, me mutane ke sa ran zai yi wa lafiyarsu?

An kwafo wannan daga muryar da Anti Nas ta turo a guruf ɗin zumunci daren Talata, saboda waɗanda datarsu ba ta isa buɗe murya ba.

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar gida, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, tun la'asar nake ganin saƙonni suna ta shigowa, ina wurin aiki ban samu sukunin amsawa ba. Yanzu na yi isha'i, yara sun kwanta, shi ne na ce bari in yi murya, don maganar ta fi ƙarfin rubutu da yatsa.

Auta ne ya kawo zancen. Ya ce ya ga labarin wani tsari da ake ta gwadawa a ƙasashe, wato a riƙa ba kowane mutum wani ƙayyadadden kuɗi duk wata, mai aiki da marar aiki, mai shi da marar shi, ba sharaɗi, ba mai tambayarka me ka yi da su. Ya ce ko a Ingila a 2023 an kawo shawarar a gwada a garin Jarrow da wata unguwa a Landan, mutum 30, kowa fam 1,600 a wata har shekara 2. Sai ya jefo mini tambaya, ya ce Anti, ke da kike cikin marasa lafiya kullum, in aka yi irin wannan, me mutane ke tsammanin zai canza a lafiyarsu? Kafin in amsa Kawu ya riga ni, ya ce ba abin da zai ƙaru sai lalaci, magidanta su ƙara aure, samari su ƙara shaye-shaye. Kawu, Allah ya ƙara girma, na ji maganarku, kuma zan zo kanta, ba zan tsallake ba.

To Auta, wannan tambayar taka na daɗe ina yi wa mutane, sai dai ba da wannan sunan ba. Ranar awo, in layi ya yi tsawo muna jiran a kawo kati, nakan ce wa mata, in da za a ce duk ƙarshen wata ga wani abu naki na kanki, tabbas zai zo, me za ki fara yi? Ni da na ɗauka za su ce asibiti, ko magani. Wallahi ba kasafai nake jin haka ba. Wata ta ce ƙwai. Ƙwai kawai, wai a riƙa dafa wa yara ko sau biyu a mako. Wata ta ce miyarta za ta riƙa ganin kifi. Wata ta ce za ta daina surfe da dakan kuɗi in cikinta ya tsufa. Akwai wadda amsarta ba ta fita raina ba har yau, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “Anti, barci zan yi.” Na ce barci kuma? Ta ce eh, ai ita in ta kwanta lissafi take yi, na kokon safe, na bashin mai shago, na zubin adashi, har a kira assalatu idonta biyu. Matar nan na auna jininta ya hau, ga ta da ciki wata bakwai. Kun ga ita ba ta ambaci hawan jini ba, amma maganar hawan jini take yi.

Tsofaffi kuma tasu daban. Akwai wani dattijo da ke zuwa mana, mai hawan jini da ciwon suga. Rannan ya ciro maganinsa daga aljihun gaba, a ƙulle cikin leda, sai na ga duk ƙwayoyin an raba su biyu. Da reza yake yankawa, don na wata ɗaya ya kai shi wata biyu. Ya san ba daidai ba ne, ba sai na faɗa masa ba. Ya ce mini, “'Yata, in na sha cikakke, na makon gobe fa?” Irin wannan in ka tambaye shi me kuɗin wata zai yi masa, amsarsa a fili take: ya daina zuwa kemis yana cewa a ba shi na ɗari biyu.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar lokaci, don ita ce na fi gani da idona. Damina ta wuce aka kawo mana wani yaro, bai kai shekara uku ba. Zazzaɓi ya fara masa ran Lahadi, ba a kawo shi ba sai Alhamis. Na buɗe tafin hannunsa, fari fat. Na ja fatar idonsa, ba alamar jini. Numfashi sama-sama. Maleriya ce ta cinye jinin, sai an yi ƙarin jini, mu kuma ba ma yi, sai an tura babban asibiti. Na ce wa uwar, baiwar Allah, me ya hana ku zuwa tun Litinin? Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini abin da ke ƙulle, ko kuɗin mashin zuwa da komawa bai cika ba. Ta ce jiran ranar kasuwa suka yi, maigidan ya sayar da akuya. Ba jahilci ba ne, ba sakaci ba ne, ba ƙin asibiti ba ne kamar yadda ake yawan ɗora musu. Tun ran Lahadi ta san ɗanta ba shi da lafiya. Kwana huɗu suka yi suna jiran kuɗi. Ran Litinin maganin 'yan kuɗi kaɗan zai ishe shi. Ran Alhamis kuwa sai jini, sai gado, sai kuɗin mota zuwa birni, akuyar ma ba ta isa ba. Allah ya yi yaron yana da sauran kwana, ya tashi. Amma ba duka ne suke tashi ba.

Saboda haka in ka ce mini me mutane ke sa rai, zan ce maka kwanakin nan huɗu suke so a mayar musu. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marar lafiya yake fita, nan take, a bakin taga. Wanda aljihunsa ba komai dole ya jira, ciwo kuma ba ya jira.

Yanzu tambayar ita ce, wannan fatan nasu mafarki ne ko an taɓa gani? An gani. Bari in fara da na kusa da mu. Daga 2013 zuwa 2019 an yi wani shiri a Jigawa da Zamfara, a ƙananan hukumomin Buji, Gagarawa, Kiri Kasamma, Anka da Tsafe. Ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger ne suka gudanar, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Mace in ta samu ciki ana ba ta Naira 3,500 duk wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har yaron ya cika shekara 2, ana kuma haɗawa da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Ba na kowa da kowa ba ne, na masu ciki ne, amma ba a ce sai kin yi kaza za a ba ki ba. Da masu bincike suka bi sawu, sun tarar tsumburewar yara ta ragu a garuruwan da aka ba da kuɗin. Matan kuma ba su naɗe hannu ba, sana'a suka ƙara, wasu suka sayi dabbobi. Wannan ba Turai ba ce, nan ne, mutanenmu ne masu cin tuwo irin namu.

Sai Kenya, inda ake gwaji mafi girma na ainihin abin da Auta yake magana. Wata ƙungiya mai suna GiveDirectly ce take yi a yankunan Siaya da Bomet. Ƙauyuka kusan 200. A wasu ƙauyukan duk baligi ana tura masa kimanin dala 22 a wata ta waya, ta M-Pesa, kuma an yi musu alkawarin shekara 12. Wasu shekara 2 kawai, wasu kuma aka ba su dunƙule ɗaya, kimanin dala 500. Da korona ta zo a 2020 aka koma aka tambaye su, sai aka ga masu karɓa sun fi sauran ƙarancin kwana da yunwa, ƙarancin rashin lafiya, da ƙarancin ƙuncin zuciya. Kwanciyar hankalin da matar nan mai son barci take nema, ga shi an auna an gani.

Akwai kuma wani binciken a Siaya ɗin da ya fito a 2025, wanda ni da na ji shi sai da na ajiye waya na yi shiru. Gidaje sama da 10,000 na talakawa aka ba dala 1,000 kowanne, tsakanin 2014 da 2017. Mutuwar jarirai a gidajen ta ragu da kashi 48 cikin 100. Kusan rabi. Ba allura aka kawo ba, ba sabon magani ba. Dalilan da suka gano su ne mata sun fi zuwa haihuwa a asibiti, kuma sun rage aikin wahala a ƙarshen ciki da bayan haihuwa. Auta ka tuna wadda ta ce za ta daina dakan kuɗi in ciki ya tsufa? Ita ba ta karanta wani bincike ba, jikinta ne ya gaya mata.

Tun kafin waɗannan ma, a Kanada, wani ƙaramin gari Dauphin, an yi irin wannan daga 1974 zuwa 1979. Takardun suka yi shekaru a ajiye cikin kwalaye, sai wata malamar jami'a, Evelyn Forget, ta tono su. Ta tarar kwanciya asibiti ta ragu da kashi 8.5 cikin 100, musamman ta haɗurra da raunuka da ta lafiyar ƙwaƙwalwa. A Finland ma, 2017 da 2018, marasa aiki 2,000 aka riƙa ba yuro 560 a wata, abin da suka fi faɗa shi ne hankalinsu ya fi kwanciya.

To Kawu, na zo kan maganarku, kuma da ladabi nake yi. Tsoron da kuka faɗa ba ku kaɗai ba ne, su kansu mutanen da za a ba kuɗin suna faɗarsa. Matan awo sun sha ce mini, Anti, in dai a hannun maigida za a sa, to kishiya ce za ta shigo. Iyaye kuma suna tsoron samari da ƙwaya. Ni ma ina ganin yaran da ƙwaya ta lalata, ba zan ce babu ba. Amma ku ji abin da ya faru a Namibiya. Wani ƙauye ne Otjivero, mutum wajen 1,000, talauci ya yi musu katutu. A 2008 da 2009 gamayyar coci-coci da ƙungiyoyin ƙwadago suka riƙa ba duk wanda bai kai shekara 60 ba dalar Namibiya 100 a wata, har da jarirai. Mutanen garin su ma sun ji tsoron giya za ta cinye kuɗin. Me suka yi? Suka kafa kwamiti nasu na kansu, suka je suka yi magana da masu gidajen giya a riƙa rufewa ranar biya. Ba gwamnati ce ta sa su ba, su suka san garinsu. Masu shirin sun ba da rahoton cewa yara masu ƙarancin nauyi sun sauko daga kashi 42 zuwa kashi 10 cikin shekara guda, kuma mutane suka fara iya biyan dalar Namibiya 4 ta ganin ma'aikacin lafiya a asibitin garin. Gaskiya ne masu shirin ne suka auna da kansu, kuma wasu masana sun soki yadda aka yi awon, wannan dole in faɗa. Amma maganar kwamitin nan ita ce ta fi burge ni, don mu ma muna da masu unguwa, muna da limamai, muna da ƙungiyoyin mata.

Sannan a 2014 wasu masana biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara bincike 19 daga ƙasashe daban-daban kan wannan tambayar tak: in an ba talaka kuɗi, giya da taba yake saya? Ba su ga sayen ya ƙaru ba, a wurare da dama ma raguwa ya yi. Ni abin bai ba ni mamaki ba. Da yawan yaran da nake gani suna shan ƙwaya, ba kuɗi ne ya yi musu yawa ba, zaman banza ne da rashin sanin inda gobe ta dosa. Maganar lalaci kuwa Kawu, ku dubi adadin. Wa zai bar gona saboda abin da bai wuce kuɗin cefanen 'yan kwanaki ba? A Kenya ba a ga mutane sun daina aiki ba, wasu dai sun bar ƙwadago a gonar wani sun buɗe tasu sana'ar. Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maganar ƙarin aure kuma, maganinta a tsarin yake: in na kowa da kowa ne, mace nata daban, a hannunta ko a wayarta, ba ta hannun wani ba.

Amma kada ku ce Anti ta ce kuɗi maganin komai ne. Ban ce ba. A Amurka an yi wani gwaji a jihohin Texas da Illinois, mutum 1,000, kowa dala 1,000 a wata har shekara 3, sakamakon ya fito a 2024. Shekarar farko damuwa ta ragu, ƙarancin abinci ya ragu. Daga shekara ta biyu abin ya dusashe. Da aka auna jini da sauran alamomin jiki, ba a ga wani canji na a-zo-a-gani ba, sai dai sun fi zuwa ganin likita da likitan haƙori. Ni yadda na fahimta, kuɗi ya fi aiki a inda rashinsa ne kai tsaye yake kashe mutum, kamar yaron nan na ran Alhamis. Ciwon da ya yi shekara ashirin yana ginuwa a jiki ba ya warwarewa don an samu kuɗi shekara uku.

Kuma ko binciken Siaya ɗin nan da na yaba, akwai abu biyu a ciki da suka tsaya mini a rai. Na ɗaya, raguwar mutuwar ta fi yawa a gidajen da ke kusa da asibiti mai likita. Na biyu, da kuɗin suka ƙare, mutuwar jariran ta koma kusan inda take. Na farkon ya taɓa ni sosai, don na san yadda ake zuwa da mace tana jijjiga da tsakar dare, an samu kuɗin mota an zo da wuri, a tarar ba wuta, ba jini, ma'aikaciya ɗaya ce tal da fitilar waya. Na taɓa zama ni ce ma'aikaciyar. Kuɗin aljihu zai kawo ta bakin ƙofa, amma ba zai sa likita a cikin ɗakin ba. Shi ya sa duk wanda ya ce a ba mutane kuɗi a madadin gyara asibiti, ba na tare da shi. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, mu da aka yi taron a gidanmu gwamnatin tarayyarmu ba ta cika shi ba.

Yaya ta tambaya a ƙasa ko za a iya yin wannan a Najeriya. Yaya, ga lissafi mai sauƙi. A ce manya miliyan 100 kawai, kowa Naira 10,000 a wata. Tiriliyan 1 ke nan duk wata, tiriliyan 12 a shekara. Kasafin tarayya gaba ɗaya na 2024 da aka fara sa wa hannu bai kai tiriliyan 29 ba. Kin ga ba ƙaramin abu ba ne, kuma dubu goman ma kin san abin da take saya a kasuwa yau. Ga kuma darasin Iran: a ƙarshen 2010 da suka janye tallafin mai, suka koma ba kusan kowane ɗan ƙasa riyal 455,000 a wata, lokacin kimanin dala 45. Da farko kuɗi ne na gaske. Aka bar adadin a yadda yake shekara da shekaru, tsadar kaya ta cinye shi har ya zama ba a bakin komai ba. Mu ma an janye namu tallafin ran 29 ga Mayu 2023, aka ce za a ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 sau uku. Kafin nan akwai na dubu biyar-biyar. Duk wanda ya samu ya ji daɗi, ba na raina shi. Amma wannan ba shi ne abin da Auta yake nufi ba. Namu na nan ana zaɓe, wani ya shiga, maƙwabcinsa bai shiga ba, kuma ba ka san ranar da zai zo ba.

Wannan rashin tabbas ɗin shi ne matan suka fi kuka da shi, kuma a wurina shi ne zuciyar maganar lafiya. Kuɗin da ba ka san ranar zuwansa ba, ba ka iya ɗora magani a kansa. Dattijon nan ba zai daina raba ƙwaya ba sai ya tabbata na watan gobe yana nan. Mai kemis ba zai ba ka bashi ba sai ya san ran 30 za ka biya. Ɗan acaɓa zai ɗauki mai naƙuda da dare ba gardama in ya san gidan ana samun wani abu duk wata. Ko ɗan kaɗan ne, in dai ba ya fashi, ya fi mai yawa da ke zuwa sau ɗaya a ɓace.

Ni in da za a tambaye ni daga ina za a fara, tunda ba za a iya kowa da kowa a tashi ɗaya ba, zan ce a fara da duk mace mai ciki, ba zaɓe, ba sai ta san wani ba, daga ranar da ta zo awon farko har yaro ya shekara 2, kamar yadda aka gwada a Jigawa da Zamfara. A sa a hannunta. A riƙa ɗaga adadin in kaya sun tashi. Sannan tsofaffi su biyo baya. A lokaci guda kuma asibitin da za ta je a tabbatar akwai ungozoma da dare, akwai wuta, akwai maganin tsayar da jini.

Auta, ranar Juma'a in ka je gaishe da Inna, ka yi mata tambayar nan da bakinka, kada ka ba ta amsa, ka bar ta ta faɗi nata. Ka tambayi mai yi mata wanke-wanke ita ma. Sai ka turo mana abin da suka ce. Kawu, in na yi kuskure a magana a yafe mini. Gobe ina da aikin safe, ranar rigakafi ce, bari in kwanta. Sai da safenku.